Tumun Baffa

Tun hantsi ɗana ya tafi gona ta hanyar Runka, ga shi la'asar ta wuce, wayarsa ba ta shiga. Ina tsaye a zaure ina sauraron ƙarar babura sai ƙamshin tumu ya taso daga maƙwabta, na tuna da Baffa, yayan mahaifina.

Haƙoransa uku suka rage, amma sabon gero bai taɓa wuce shi ba. Zai gasa zangarniya ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya riƙa mamula a hankali yana lumshe ido.

Ranar da aka ce an ga 'yan bindiga wajen Darini, ina ɗaure kaya don mu gudu, shi kuwa yana bakin murhu.

Na ce, "Haba Baffa, yanzu ta tumu ake?"

Ya miƙo mini. "Karɓi, ɗiyata. Tsoron nan zai jira ki, tumu kuwa hucewa yake."

Na ƙi karɓa, don haushi.

Yau na aika maƙwabta a roƙo mini zangarniya ɗaya. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa in ji babur ɗin yaron nan kafin ta huce.