Baki Ya Yabi Gado, Ganga Ta Ƙarasa

Bana shekara tara ke nan da muka kai Labbo Maiganga makwancinsa a Dalijan, ana tsakiyar huɗar gero. Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma na yi shekara talatin da ɗoriya ina yi masa amshi a wuraren gayya. Saboda haka ina da izinin zaginsa yana raye, ina da shi kuma yana kwance. Abin da ba zan lamunta ba shi ne wani dabam ya ɓata masa suna, balle a rubuce, cikin littafi mai bango.

Kada masu karatu su ɗauka wani jahili ne ya tsoma baki a harkar masana. Ni ma na yi boko. Na kai aji huɗu a firamare nan Gwandu kafin babana ya gano cewa shanunsa sun fi hedimasta bukatata. Aji huɗun wancan zamani kuwa, ku tambayi wanda ya sani.

Wata biyu da suka wuce wata ɗaliba daga jami'ar da ke Kalgo ta yi sallama a zaurena. Sunanta Shafa'atu. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce tana rubuta kundin gama digiri a kan balagar Labbo.

Na ce, "Ɗiyata, Labbo ya balaga tun ba a haifi ubanki ba. Ɗiya goma sha ɗaya ya bari. Mi ya rage a bincika?"

Sai da ta gama rufe baki da mayafi sannan ta warware mini. Wai balaga a wurinsu ita ce iya sarrafa magana ta yadda za ta kama wanda ake yi wa ita. Wai kowace waƙa da mutanenta, shi ya sa suka raba waƙoƙi gida-gida: na fada, na noma, na maza, na siyasa, har da na soyayyar da yara ke haɗawa da kwamfuta. Na ce to duk wannan Labbo ya san shi, sunan ne kawai ba a gaya masa ba.

Ta bar mini abin da ta rubuta, na kwana uku ina bin sa da tabarau da yatsa. Yarinyar tana da kai. Akwai inda ta ce mawaƙin da bai san wanda ke gabansa ba, kansa yake yi wa waƙa. Da Labbo ya ji wannan da ya ba ta goro. Sai na iso shafin da ya hana ni cin tuwo. Ta kawo waƙar Alhaji Gado, ta ce ita ce misalin tsantsar yabo, ta kuma ƙara da cewa a nan ake ganin yadda Labbo ke kambama masu hali don abin hannunsu.

Labbo. Ya kambama Gado. Don abin hannunsa.

Bari in yi wa 'yan birni bayani. Gayya ramuwa ce. Yau a taru a nome gonarka, jibi kai ma ka ɗauki garmarka ka je ta wani. Alhaji Gado ya tashi ne a hannun kawunsa ɗan kasuwa, ya dawo Dalijan da fararen riguna da gona mai faɗi. Yakan kira gayya mutum arba'in su zo. Ranar gayyar wani kuwa, sai rana ta take, an sauke ƙoren fura a gindin itace, sannan za ka hango farar riga tana tahowa. Shekarar da aka yi gayyar wani tsoho da ciwon ƙafa ya kwantar, Gado bai zo ba, bai aiko ko da yaro ɗaya ba. A daminar nan Labbo ya yi masa waƙa.

Gangar noma magana take yi. Kowane manomi yana da takensa, in an kaɗa shi ko yana ƙarshen kunya ya san da shi ake. Wanda ya tashi da garma a hannu yana jin ganga kamar yadda yake jin muryar uwarsa. Gado bai tashi da ita ba. To sai Labbo ya raba aikin biyu. Da baki ya ce, "Gado na gaban manoma, kowa bayanka yake bi." Ya yi shiru, ganga ta ce, in an sauke fura. Baki ya ce, "Gado ba ka gajiya." Ganga ta ce, ba ka fara ba. Haka har wuri tara. Maza suna duƙe suna huɗa, kafaɗu na rawa, Gado yana tsaye a kan kunya yana jinjina hannu. Ya tuɓe rigarsa ya ba Labbo. Labbo ya kai ta gida ya yanka, ya ɗinka wa ganga sutura da ita. Ya ce ai ita ta yi aikin.

Ku zo ku ga abin da ya rage na wannan a kundin jami'a. Duk inda ganga ta yi magana, an rubuta kalma ɗaya tak a tsakanin baka biyu: kiɗa. An kwashe rabin maganar mutum an zubar, an ɗauki rabin da ya rage an yanke masa hukunci da shi. Ko a gaban alƙali ba a yin haka. Kuma ba laifin yarinyar ba ne ita kaɗai. Littattafan da ta karanta duk kunne ɗaya gare su, baki suke ji. Su wa za ta tambaya? Gayya ta mutu, maganin feshi ya gaje ta. Yaran yanzu gangarsu tana cikin na'ura, daga farkon waƙa har ƙarshe abu ɗaya take maimaitawa kamar injin niƙa. Masu waƙar siyasa kuwa, baki yabo, kiɗa yabo, in an faɗi zaɓe su cire suna su sa wani, sauran duk ya zauna daram. Da Labbo zai leƙo ya ga an jera shi layi ɗaya da waɗannan, da ni zai fara nema da sandar kiɗa, don ni aka bari gadi.

Na hau mota na tafi Kalgo da raina a ɓace. Na sami Shafa'atu a ƙofar gidansu, aka shimfiɗa mini tabarma. Kafin in sauke abin da na ɗauko, na tambaye ta me ya sa duk cikin waƙoƙin Labbo ta zaɓi wannan.

Ta ce, "Baba, ai Alhaji Gado kakana ne. Kaset ɗin ma na gidanmu ne. Tun muna yara duk Sallah sai an sa mana shi."

Ban taɓa jin tabarma ta yi mini zafi kamar ranar ba. Labbo ya ɓoye maganar a cikin ganga ne don kada ya kunyata mutum a gaban iyalinsa. Ga ni zan kwance ta a gaban jikarsa. In kuma na yi shiru, taubashina ya shiga littafi a matsayin maroƙin mutumin da ya fi rainawa, kuma littafi ba ya mutuwa da wuri kamar mu. Na duba yarinyar, na tuna ita ce ta rubuta cewa a san wanda ke gaba. Na ce ta kawo mini tire.

Na kifa shi a cinya. Na ce ta karanta baitin farko, na kaɗa amsar da yatsu, na faɗa mata da baki, na sake kaɗawa. A na uku ba ta jira ni ba, ita ta faɗa da kanta. Muka kai tara. Na ajiye tire, na fara shirin neman takalmana.

Can ta ce, "Shi ya sa."

Na ce, "Shi ya sa mi?"

Ta ce kakarta Hajiya Kulu, matar marigayi Gado, haifaffiyar Dalijan ce, ɗiyar manomi. Duk lokacin da aka sa kaset ɗin, daidai waɗannan wurare take jan mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Shekara da shekaru jikoki suna lallashinta, suna cewa ta yi haƙuri, Alhaji addu'a yake bukata.

Shafa'atu ta gyara kundinta. Ta cire waƙar daga gidan yabo, ta rasa gidan da za ta sa ta, sai ta rubuta cewa waƙa ce da aka yi wa mutane iri biyu a tsaye a gona ɗaya, kowa ya tafi da tasa. Na ji an ce babanta bai yi mata magana ba har kwana biyu. Wannan ban ji daɗinsa ba, amma ba zan ce na yi nadama ba.

Me ya rage na Labbo bayan shekara tara? Gangar tana rataye a ɗakin babban ɗansa, fatar ta tsage, farar suturar ta koma ruwan ƙasa. Masu jin maganarta da na sani ba su cika hannu biyu ba. Na ɗauka ni ne babbansu, sai makon jiya Shafa'atu ta kawo mini saƙo daga Hajiya Kulu.

"Ki ce ma tsohon banzan ga, wuri goma anka yi, ba tara ba. Shi yana can yana wage baki da amshi bai ji ba."

Na nemo kaset ɗin na saurara. A can ƙarshe, inda muke ɗaga murya, Labbo ya ce, "Gado, Allah bar ka da Kulu." A ƙarƙashin amshinmu, a hankali, ganga ta ce, Allah ba Kulu haƙuri.

Allah Ya jiƙan Labbo, Ya jiƙan Gado. Hajiya kuma Allah Ya ƙara mata kwana, don yanzu ita ce jami'ar.