Sunan Yaya a Katin Ɗaurin Aure

Mun tashi da asuba daga Kwandiko, ni da ƙanena a kan babur, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Katin ɗaurin auren 'yata za mu bugo. Wani ɗan'uwa a Kano ne ya tsara shi, ya turo ta waya. Ni bokona bai yi nisa ba, abu ɗaya na duba: sunan Yayana, waliyyin amarya, yana nan a layin ƙarshe. Mun yi shekaru ba ma gaisawa a kan iyakar gona, bana aka sasanta mu. Idan kati ya fita babu shi, zumuncin ya sake rushewa.

A Gwaram muka karya da ƙosai mai zafi, ga yaji har da tari. Mai wani shagon kwamfuta a garin ya buɗe katin, rubutun ya kumbura, sunan Yaya ya zame ya faɗa shafi na biyu. Ya ce haka Word yake, manhajar da aka tsara katin da ita, kowace kwamfuta da yadda take shimfiɗa shi. Ya gwada ɗaukarsa hoto, ya fito dishi-dishi kamar an wanke. Nan janaretonsa ya mutu. Mutumin kirki, bai karɓi komai ba, ya ce mu nufi Birnin Kudu.

Muka bar babur, muka shiga bas. Kuɗin mota ya hau, kujera ba ta ƙara faɗi ba. Amma gonakin riɗi da manyan duwatsun nan na shigar gari sun sa na manta da ciwon gwiwa.

Shagon da muka samu na wata Hajiya ce mai tabarau, hannunta kamar walƙiya. Ta ce Word na gyara ne, hoto na kallo a waya, na bugu kuwa PDF. Ta tambaye ni inda nake son sunan, na ce can sama. Ta ɗaga shi, ta mayar da katin PDF, ta buga mana.

"Malam, yanzu ko Legas ka kai shi, yadda ka gan shi haka zai fito."

Da la'asar sakaliya muka dawo, gidan Yaya na fara zuwa. Ba ya karanta boko, sai na ɗora yatsansa a kan sunansa. Ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya ce in bar masa na mutanen unguwarsu, shi zai raba da kansa.

Abin da na koyo: idan rubutu ya zauna yadda kake so, a mayar da shi PDF kafin ya bar ɗakin.