Yadda Muka Koyi Maganar Hannu

Lokacin da aka kawo ni Tasawa ina amarya, mu Kiristocin garin ba mu da yawa. Majami'armu ɗaki ne na laka mai rufin kwano, idan rana ta take sai ka ga kowa yana waƙa yana share gumi. Ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, maigidana kuma yana jan taksi tsakanin Tasawa da Mayahi.

A cikin majami'ar akwai zumuntar ma'aurata. Wani dattijo da matarsa ne suka kafa ta. Shi tsohon ma'aikacin dabbobi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura, ita kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Dukanmu Baba da Inna muke ce musu. Ran Lahadi da yamma ake haɗuwa, yau gidan wannan, wani mako gidan wancan. A yi addu'a, a karanta Littafi Mai Tsarki kaɗan, sannan a shiga zancen gida: dukan yara, zama da surukai, wa zai ɗebo ruwa idan mace ta kwanta ciwo. Dokar Baba ita ce kowane namiji ya zauna tabarma ɗaya da matarsa. Ranar farko kunya ta hana ni ɗaga kai, har Inna ta ce, "Ɗiyata, mijinki ne fa, ba aro muka yi miki ba."

Allah ya ba mu ɗiya mace, mai surutu kamar kanari. Ba ta cika shekara uku ba, a wata bazara mai zafi, sanƙarau ya kama ta. Maigidana yana kan hanya, maƙwabciyata ce ta goya ta muka yi asibiti da gudu. Yarinyar ta sha wuya, amma ta tashi, muka dawo gida muna ta godiya. Wata safiya tana wasa da ƙasa a tsakar gida, tasa ta kuɓuce mini ta faɗi a bayanta da ƙara, kaji suka watse, ita ko motsi ba ta yi ba. Na kira ta, na tafa hannu, na sake kira. Sai da na taɓa kafaɗarta ta waiwayo tana murmushi.

Muka kai ta Maradi. Likita ya duba, ya faɗa mana a hankali cewa jin ya tafi, kuma ba ya sa ran zai dawo.

Daga nan gidanmu ya canza. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Idan tana son abu ba mu gane ba, sai ta faɗi ƙasa tana birgima, ta ciji duk wanda ya kusance ta. Masu ba da shawara suka yi yawa, wannan ya ce iska ce, wancan ya kawo sassaƙe. Maigidana, wanda da yake shigowa da tsire a takarda yana kiranta tun daga zaure, ya koma kwana a Mayahi, ya ce fasinjan safe sun fi yawa a can. Idan ya zo gida ya ci tuwo, ya kalli yarinyar, ya kau da kai. Ba mu yi faɗa ba ko sau ɗaya, maganar ce kawai ta ƙare a tsakaninmu. Muka daina zuwa zumunta.

Wata Lahadi sai ga su duka a ƙofar gidanmu da tabarminsu, alhali ba mu ne da karɓar baƙi ba. Na zaci wa'azin haƙuri za a yi mana, na riga na shirya fuskata. Ba wanda ya yi. Inna ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar tana ɓare mata gyaɗa, matan suka kama wankin da ya taru mini, aka yi addu'a gajeriya. Da za su tafi, Baba ya ce wa maigidana, "Ɗana, ranar kasuwar Kanan-Bakashe ina so ka kai ni. Akwai abokina da na daɗe ban gani ba. Ka zo da iyalinka, kada ka bar ƴar nan a gida."

Ba a yi wa Baba musu. Ranar kasuwa muka tafi, ni da Inna da yarinyar a baya, su biyu a gaba. Baba ya wuce da mu kai tsaye kasuwar dabbobi, ya nuna mana wani dogon Bafulatani mai malfa yana cinikin bijimi da dillalai. Bakinsa a rufe, hannuwansa ne ke aiki. Ya nuna ƙahon, ya bugi tozon, ya girgiza kai, ya yi kamar zai ja sansa ya tafi, dillalan suka riƙo shi suna dariya. Da ya hango Baba sai ya saki igiyar ya rungume shi.

"Kurma ne tun yana yaro," in ji Baba. "Na yi wa shanun ubansa allura, na yi wa nasa. Yana da mata da ƴaƴa, har da jikoki."

Mutumin ya kai mu rugarsu a bayan gari. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura da nono. Ɗiyata ta maƙale a jikina tana leƙensa. Ya tsuguna a gabanta, ya nuna saniya, ya ɗora yatsu biyu a kansa kamar ƙaho. Ya nuna ƙwaryar nono, ya yi kamar yana tatsa. Ya maimaita, bai gaji ba. Can sai na ga ƴan hannuwanta sun ɗago, ta yi ƙaho, ta nuna saniyar, ta dube shi. Ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ta sauka daga cinyata ta kama hannunsa, ta riƙa jansa tana nuna masa abubuwa, tunkiya, tulu, kare, jariri a goye, kowanne tana jiran ya ba ta sunansa.

Na tambayi matarsa yadda suke zama. Ta ce, "Kamar kowa. Muna hira, muna faɗa. Idan na gaji da faɗan sai in juya masa baya, shi ke nan ya ƙare." Muka yi dariya, ni da na manta rabona da dariya. Sannan ta ce, "Ki daina yi mata magana ta baya. Ki zo gabanta, ki bari ta ga fuskarki. Kuma kada ki zama ke kaɗai ce mai jin maganarta, za ki gaji, ita ma za ta gaji da ke."

A hanyar dawowa maigidana ya tsaya a gindin wani gawo, ya ce injin ya yi zafi. Shi da Baba suka yi nisa da mu suka daɗe a tsaye. Daga baya ya faɗa mini abin da suka tattauna. Ashe tun ranar asibiti yake ganin da yana gida da an kai ta da wuri, da kunnen bai mutu ba, shi ya sa ba ya iya haɗa ido da ita. Baba ya ce masa, "Wannan ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, yarinyar ta rasa kunne, bai kamata ta rasa uba ba." Tun daga makon nan ya koma kwana a gida.

Lahadin da ta biyo, Inna ta kawo maganar matar Bafulatanin gaban zumunta, aka yarda cewa kowa zai koya. Ƙarshen kowane taro ya zama na maganar hannu, aka riƙa zuwa da yara. Abin da muka samo a ruga muka fara da shi, sauran muka ƙirƙira, yawanci ma ɗiyata ce ke ƙirƙira mu bi. Ta raɗa wa kowa suna: fasto shi ne mai tabarau, Inna mai juya ƙosai, ubanta kuwa hannu biyu a kan sitiyari. Wani magidanci ya so ya ce mata ta ci abinci, sai ya ce ta ci akuya, yara suka yi ta tsokanarsa har shekara ta zagayo. Maƙwabciyata, wadda Musulma ce, ta riƙa leƙowa tana ɗauka, ba a jima ba ƴaƴanta suka fi mu iyawa. Birgima da cizo suka ragu, har suka tafi.

Da ɗiyata ta isa shiga lakwal, zumuntar ce ta binciko makarantar kurame a Maradi, ƙanwar ɗaya daga cikin matan ta karɓi riƙonta. Rabuwar ta yi mini ciwo ƙwarai, matan suka riƙa zuwa suna taya ni zama har na saba. Hutun farko ta dawo da maganar hannu ta makaranta, ta zaunar da mu duka tana gyara mana, har da Baba, wanda yatsunsa suka riga suka ƙage da tsufa.

Ba komai ne zumuntar ta iya gyarawa ba. Akwai ma'auratan da aka yi ta fama da su, daga ƙarshe suka rabu. Baba ya rasu, abokinsa Bafulatani ya zo gaisuwa da ƴaƴansa, ya zauna a cikinmu yana ba ɗiyata labarin ƙuruciyarsu, ita kuma tana faɗa mini da hannu ina faɗa wa jama'a da baki. Inna ta tsufa, an daina yawo da taro, a gidanta ake yi. Duk lokacin da na shiga na gan ta a kan tabarmarta, ina tuna cewa mutanen nan sun zo gidana a ranar da ban gayyace su ba, kuma ban san bakin da zan gode musu da shi ba.

Yanzu ɗiyar tawa ta zama budurwa, tana da keken ɗinkinta a zaurenmu, matan unguwa suna kawo mata atamfa su yi ciniki da yatsu. Bara wani saurayi kafinta daga wajen Baudeta, wanda suka yi makaranta tare, ya turo magabatansa. Maigidana ya ce shi da kansa zai yi wa yaron tambayoyi, ba ya son tafinta. Na leƙa ta taga na gan shi yana gumi yana ta haɗa yatsu, yaron yana danne dariya cikin ladabi. An sa biki bayan girbi. Na tambaye ta ko za su shiga zumunta idan an ɗaura. Ta ce za su shiga, amma in faɗa wa fasto ya rage tsawon addu'a, domin idan kowa ya rufe ido ita ba ta sanin lokacin da aka ce amin.