Ɗurar da Na Yi wa Malam

Ko ƙasa ta rufe min ido, ina jin ranar nan za ta bi ni kabari. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ga ana dama kunu sai in bar wurin.

Maigidana malamin allo ne a Tozai. Mutumin da ya haddace izu sittin, sai ga shi tsufa ya fara kwashe mishi tunani, yau ya manta hanyar masallaci, gobe ya manta sunan ɗansa. Likita ya rubuta mishi wata ƙaramar ƙwaya, guda kullum. Ni dai na ɗora raina a kanta, don tun da ya fara sha, in na kawo ruwan alwala yakan dube ni ya ce, "Sannu, uwar gida."

Sai ɓarin jikinsa ya shanye, munka kai shi asibiti. Maganarsa ta yi nauyi, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Ma'aikaciyar jinyar, yarinya mai hankali, sa'ar jikata, ta durƙusa ta yi min bayani. Ta ce kada a ba shi komi ta baki, ko ruwa, sai an sa mishi roba ta hanci, ta nan abinci da magani za su bi. Robar kuwa daga Sakkwato ake jiranta, hanya ba lafiya.

Kwana ukku babu ƙwaya. Ran na huɗu na kai hannu za ni goge mishi fuska, sai ya ja mayafi da hannunsa mai rai, ya kau da kai. Da ƙyar ya haɗa kalmomin: "Baiwar Allah, ki matsa. Ina da iyali."

Shekara hamsin da aure, yau ni ce baƙuwar mace da bai halatta ta taɓa shi ba.

Ƙwayoyin suna ƙulle a bakin zanena. Na ce a raina, ɗiya tara na yi wa ɗura, ko ɗaya bai ƙware ba, yarinyar nan mi ta sani? Da azahar, mutane sun tafi salla, na murƙushe guda da bayan cokali, na dama da kunu ruwa-ruwa. Na tallabo kansa bisa cinyata, na kafa tafin hannu a bakinsa yadda uwata ta koya min, na zuba.

Bai ma iya tarin kirki ba. Ƙirjinsa ya shiga ƙugi, idanunsa sunka firfito. Yarinyar ta shigo a guje, ta ga kunu a gemunsa. Ba ta yi min tsawa ba, wallahi da ma ta yi. Ta ce, "Inna, mi kinka ba shi?" Na buɗe mata hannuna, ga ragowar kunu da garin ƙwaya.

Ashe huhu kunun ya bi. Zazzaɓi ya rufe shi. Washegari robar ta iso, anka sa, amma aikin gama ya gama. Ya kwana huɗu ya cika, bai sake duban inda nake ba. Daga baya yarinyar ta ce min ko da ya haɗiye, ƙwaya guda ba za ta dawo da shi ba.

Mutane suna ta ce min kwana ne ya ƙare, na kuwa yarda. Amma ni na san ba don shi na yi ɗurar nan ba, don kaina na yi, don in ji ya sake ce min uwar gida. In kina jinya anka ce kada ki ba shi ta baki, ki riƙe hannunki. Gara ya ɗauke ki baƙuwa yana numfashi.