Mai Waƙa da Raɗa

Safiyar wata Litinin ce cikin watan Agusta, shekarar da na cika sha huɗu, a wani ƙauye gabas da Maraɗi a ƙasar Nijar. An kwana ana ruwa, gero ya kai ƙugun mutum a bayan makarantar da aka ara mana don taron yara. Ina tsaye a ƙarshen aji riƙe da bokitin kofuna, yara sun cika ɗakin maƙil, wasu a benci wasu a tabarma, sai wani saurayi ya ɗora hannu a kan ganga, ɗakin ya ɗauki waƙar yabon Yesu gaba ɗaya kamar za a ɗage kwanon rufi. Ban san lokacin da na yar da bokitin ba. Da gudu na bi tagogi ina rufewa, na jawo ƙofa na danna sakata, na juyo ina ɗaga hannuwa ina haɗa Larabci da Hausa ina cewa, "Uskutu! Ku rage murya, za a ji ku!" Ganga ta tsaya, idanu suka yo caa a kaina. Wani ɗan yaro mai giɓi, Ɗanjuma, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To ai don a ji muke yi." Dariyar da aka yi mini ran nan, har yau in na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Ba rashin hankali ba ne, ni dai a Jidda aka haife ni. Sunana Rahila. Iyayena Kiristoci ne, mutanen wajen Malumfashi. Mama nas ce a wani asibitin kuɗi, Baba kuma yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ƙarƙashin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama. A unguwar Hindawiyya muke, a saman wani tsohon bene wanda gishirin teku ya cinye masa fenti. Da safe ni ake aika gidan burodi in bi layin tamis, burodin can, in biyo da dafaffen waken ful a leda, ina tafe ina gutsurar gefe maguna suna bina. In ruwan famfo ya ɗauke, mu yara ne masu gadin lungu, wanda ya fara hango motar ruwa shi zai kwarma ihu, sai ka ga jarkoki suna fitowa ta kowace ƙofa. Da la'asar mu hau rufin bene kwashe shanya, daga nan a zarce da 'yar gala-gala a kan layin da muka zana da gawayi, ana Hausa ana Larabci a jimla ɗaya, ba wanda ya san inda ya sauya. A wajen ihu da tsiwa kuwa ba a bar ni a baya ba. Duk lungun an san bakina, ko maza ba sa son haɗa faɗa da ni.

Amma ranar Juma'a wata yarinya ce daban. Juma'a ce Lahadinmu, don ran nan ne ba aiki. Da hantsi baƙi za su fara shigowa ɗaiɗai, wata nas 'yar Gana, wani direba mutumin Jos, da wasu 'yan kaɗan, kowa da kwanon abinci a hannu kamar ziyara ya kawo. Baba ya ƙure mukayyif, Mama ta kunna injin wanki ko da tawul ɗaya ne a ciki. Aikina shi ne tagogi da labule, da cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Sannan mu zauna a kafet gwiwa na gogar gwiwa, a yi karatu, a yi addu'a, a yi waƙa da raɗa. Tafi ma da yatsu biyu muke yinsa a tsakiyar tafin hannu. A haka na koyi kowace waƙa da na sani, kuma ban taɓa ɗauka akwai wata hanyar ba. Baba yakan ce can gida Malumfashi Mama ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, wai in ta ɗaga murya har masu noma a hayin rafi suna amsawa. Ni dai sai in dube ta in ce a raina, kai Baba akwai son matarsa.

Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, Khala Habiba, Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Ta san abin da muke yi sarai, kuma ba ta taɓa furtawa ba. Abu ɗaya na taɓa ji, ta ce wa Mama a kan matakala, "Ya Ummu Rahila, wankinku na Juma'a ba ya ƙarewa, Allah ya ba da lada." Suka yi dariya su biyu. Daga ranar, duk Juma'a da hantsi sai ta kora 'ya'yanta ƙasa su yi wasa, ta kuma ƙara muryar rediyonta. Na girma kafin na gane girman abin da matar nan take yi mana.

A dogon hutun shekarar da na cika sha huɗu aka tura ni Kaduna wurin Goggo Laraba, yayar Baba. Tsohuwar hedimistires ce, doguwa, mai usur a wuya, kuma duk damina ita ke jagorantar matasan ikilisiyarsu zuwa Nijar su yi 'yan kwanaki suna hidima a sansanin yara. Da ta ce da ni za a tafi, matasan suka yi ta gunaguni, wai na yi ƙanƙanta, wai Hausata ma rabi Larabci ce. Goggo ta ce, "'Yar Saratu ce. Ku ba ku san uwarta ba, ni na sani." A gaban kowa ta ɗora mini aiki: ni zan koya wa ƙananan yara waƙar da za su yi ranar rufe taro a gaban iyayensu. Na amsa da ƙarfin gwiwa, don ina ganin waƙa ai waƙa ce.

Ranar tagogin nan, Goggo kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali ta buɗe su da hannunta, ta zare sakata, ta ce wa mai ganga, "Ishaya, ci gaba." Sannan ta sunkuya ta taya ni tsince kofuna. Ban taɓa ganin mace irinta ba. Kafin mu farka ta hura wuta ta ɗora ruwan koko. Ita ke wanke wa yara gyambo ba tare da ta yamutsa fuska ba, ita ke bin gida-gida tana gaida iyaye, Musulmi da Kirista, tana durƙusa wa tsofaffi duk da furfurarta. Kafin a je ko'ina ta haddace sunan kowane yaro da sunan uwarsa. Mu kuma muna jan ruwa a rijiya, muna wanke tukwane da toka, muna dasa 'ya'yan itace a bakin makaranta, da yamma a buga ƙwallon tsumma. Yaran suka laƙaba mini "'Yar Makka", duk rantsuwar da na yi cewa ban taɓa taka Makka ba. In na ce "yalla" su amsa "yalla", in na ce a kawo moya maimakon ruwa su faɗi ƙasa don dariya. Ni ma na rama, don su makaranta lakwal suke ce mata, malami kuma mushe.

A gindin wata darbejiya nake tara ƙananan. Na zaɓi wata waƙa da Mama ta haɗa da kanta a ɗakinmu, mai cewa Makiyayina ya san sunana, ko a cikin garke ba na ɓace masa. Na buɗe baki in ba su, sai raɗa ta fito. Na gyara murya na sake, raɗa dai. Ni da nake kwarma ihu a kan Ɗanjuma ya sauko daga reshe har a ji ni a rijiya, da zarar waƙar Allah ce sai muryata ta ƙi fita. Yara kuwa abin da suka gani suke yi. Suka ɗauka wasa ne sabo, suka matso suka haɗa kawuna, suna raɗa suna tafi da yatsu biyu, har suna harar wanda ya yi ƙarfi. Ishaya ya zo wucewa ya tsaya ya saurara, ya tafi kai tsaye wurin Goggo ya ce a karɓe ajin tun da wuri, kada a kunyata mu a gaban gari.

Ni ma abin da na roƙe ta ke nan. Na same ta tana tsince shinkafa, na ce, "Goggo, don Allah ki ba Ishaya. Ni ba zan iya ba, halas, shi ke nan." Ina faɗa ina kuka, don kunya nake ji ƙwarai, na ga zan zubar mata da mutunci bayan ta tsaya mini, kuma zan sa a ce labarin muryar Mama ƙarya ne. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na je bayan bishiyar na ji ku. Yaran sun iya waƙar, ba wanda ya kuskure kalma. Ajinki ne." Ta miƙo mini faifai ta ce in taya ta tsinta.

Ranar rufewa gari ya fito. An shimfiɗa tabarmi a filin makaranta, mai gari da dattawa a kujeru, mata da goyo a gefe. Manyan azuzuwa suka yi nasu da ganga da rawa, ana guɗa. Sai aka kira mu. Na jera yarana, na ɗaga yatsu biyu, muka fara. Da farko mutane suka riƙa duban juna, wani ya ce, "Sun fara ne?" Sai wata tsohuwa ta daka wa na bayanta tsawa su yi shiru. Filin ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya, har kukan akuya a can cikin gari ana ji. Muka kai ƙarshe, ba wanda ya tafa, don ba su san abin da suka gani ba.

Goggo ta miƙe ta zo ta tsaya a bayana, ta ɗora tafinta a gadon bayana. Ta ce wa jama'a, "Waƙar nan daga Jidda ta zo. Uwar yarinyar nan ce ta yi ta, kuma yadda kuka ji, haka suke yinta a can tun kafin a haifi yarinyar. Yanzu za su sake, yadda ake yi a nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in yi motsi, Ɗanjuma ya wage baki ya ɗauko baitin farko da iyakar ƙarfinsa, ya karkace shi, ya murɗe shi, ya mai da shi kamar tallar manja. Haba! Waƙar Mama ce fa. Raina ya ɓaci, na manta da mai gari, na manta da kowa, na juya na ce, "Kai, ba haka ba ne!" na rera masa yadda take. Sai da na kai tsakiyar baiti na gane cewa wannan abin da ke tashi har yana dawowa daga bangon makaranta, daga bakina yake fita. Ban san muryar ba, ban taɓa jin ta ba. Na so in tsaya, Goggo ta danna bayana, Ishaya ya shigo da ganga, yara suka amsa, mata suka ɗauka. Ina yi hawaye na zuba, Ɗanjuma kuwa yana ta washe giɓi, shi a dole ya yi abin kirki.

Da na koma Jidda na tarar Goggo ta riga ni da labari ta waya. Aka kwana biyu. Wata safiya Mama ta sa Baba ya ɗauke mu a motar aiki, muka yi kudu, muka wuce gari sosai har inda ba kowa sai yashi da teku da iska mai kaɗa abaya. Baba ya tsaya a jikin mota yana duban hanya. Mama ta kama hannuna muka taka har bakin ruwa, ta ce, "To, yi mini yadda kika yi musu." Na yi. Ta tsaya tana kallon bakina kamar yau ta fara ganina. Da na zo wurin amshi na ga ta ja numfashi, ta ɗaga kai, ta buɗe baki za ta shigo. Raɗa ce ta fito. Ta sake gwadawa, ta kama wuyanta da hannu, raɗa dai. Sai ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen gyale ta ce, "Tawa ta manta hanya, Rahila. Ki riƙe mana taki da kyau."

Yanzu a Kaduna nake da aure da 'ya'ya, iyayena ma sun dawo gida. Goggo Laraba ta rasu, kuma har yau matasan da ta raina suna zuwa Nijar duk damina. Ni ke ba da waƙa a ikilisiyarmu, ga lasifika ga jita ga ganguna, wani lokaci ƙarar har ta yi mini yawa, in ji ina kewar ɗan ɗakin nan da kowa ke jin numfashin ɗan'uwansa. Mama tana zama a layin tsofaffi, tana bina baiti-baiti, leɓɓanta na motsi. Jikokinta sun ɗauka kakarsu ba ta iya waƙa ba, ni kuma na rasa ta inda zan fara yi musu bayani. In na ɗaga murya, na san ta mutum biyu nake ɗagawa.