Tankin Motar Gawa ta Unguwarmu

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna Malam Isyaka, makanikin da ke kula da tsohuwar motar ɗaukar gawa ta masallacinmu a unguwar Nima, a Akra. Da so samu ne, bana addu'a kawai zan yi masa in yi shiru, don kunya nake ji.

Kawu mutum ne mai naci. Ba ya barin a zuba fetur a motar sai ta mazurari da ya shimfiɗa wa farin ƙyalle. Kafin damina yakan sauke tanki ya wanke, ya je kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ya sayo sabuwar filtar tace mai. Kuma ba ya yarda motar ta kwana tanki ba a cike ba, domin a cewarsa iskar teku ta Akra tana shiga inda babu mai, ta zama raɓa, raɓa ta zama tsatsa. Muna yi masa tsiya, muna cewa ko masu koko ba sa tace gasara haka. Sai ya ce, "Ku yi dariya. Wanda ke bayan motan nan ba zai iya sauka ya tura ba."

Bayan rasuwarsa mu matasan masallaci muka karɓi makulli. Duk wanda aka yi wa rasuwa yakan zuba man da zai kai maƙabarta ya dawo, shi ke nan. Mun yi wa motar sabon fenti, mun rubuta mata ayoyi, amma babu wanda ya taɓa leƙa tankin.

Watan jiya matarsa, Inna Hawa, ta rasu. Ni ne a sitiyari. Muna kaiwa unguwar Alajo a hanyar maƙabarta motar ta fara shessheƙa, ta mutu a tsakiyar titi. Da aka cire filta, jar lakar tsatsa ce cunkushe a ciki. Masu tasi suna ta yi mana ham, dattawa da manyan riguna suna turi, matar da ta raine ni tana kwance a baya cikin rana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Me Kawu zai ce? Na san ba zai yi faɗa ba, kuɗin filta kawai zai tambaya, mu ji yadda bai kai kuɗin fentin ba.

Mun sauke tankin mun wanke. Wajen neman sifana na ɗaga kujerar direba, sai ga mazurarinsa da ƙyallen a naɗe. Shekara tara muna zaune a kansu.