Ƙoƙo a Kan Gishiri

Tun da babur ya kayar da ni a hanyar Beri, kaina ya bugu da kwalta, ni da gishiri muka saka ƙafar wando ɗaya. In zuba a miya, in juya ɗauko daddawa, in manta, in sake zubawa. Maigidana, wanda a da ba a raba shi da ƙorafin abinci, ya koma ci shiru yana kora ruwa. Shirun nan ya fi ciwon kan ci mini rai. Ƙarshe 'yata ta karɓe tukunya, wai in huta. Hutun me? Na zama baƙuwa a madafina.

A asibiti aka haɗa mu, masu raunin kai, duk Laraba a kan benci. Malamar asibitin takan jero sunayen abubuwa mu maimaita, sannan kowa ya faɗi abin da ya kuɓuce masa a makon. Ni zama ya gagare ni, ido na ƙofa. Na ce, "Malama, ba hadda ta kawo ni ba, tukunyata nake so!"

Wani dattijo manomi daga Dukku, wanda reshe ya faɗo masa a ka, ya yi dariya. Ya ce, "Baiwar Allah, mu in rana ta koro mu daga gona, fartanya muke kafewa inda muka tsaya. Gobe ita ke tuna mana."

Malama ta ce kowa ya nemi fartanyarsa. Tawa ƙoƙo ce: da na zuba gishiri, in kife shi a kan mazubin gishirin. Muka yi ta gwadawa da tukunya ba komai ciki, suna tsokanata da Uwar Gishiri.

Ranar wata Juma'a na ƙwace murhu da masifa. Don zumuɗi, ashe na kife ƙoƙon tun ban zuba ba. Maigida ya kai loma, ya yamutsa fuska.

"Wannan wace irin miya ce lami? Gishirin gidan nan ya ƙare ne?"

'Yata ta zaro ido. Ni kuwa daɗi ya kama ni har da hawaye, don rabon da ya yi mini faɗa tun kafin hatsarin.

Na ce, "Ka yi ta mita, Malam. Gobe ma ni zan dafa."